Yadda Za Ka Sa Manhajar Windows Ta Yi Aiki A Linux, Da Irin Wine Ɗin Da Ya Kamata Ka Ɗora

Assalamu alaikum. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta janye tallafinta daga Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci suke neman mafita. Windows 11 tana son TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin kwamfuta, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, alhali yawancin kwamfutocin hannu da ke shagunanmu Core i5 ne na ƙarni na 4 ko na 6, lafiyarsu ƙalau. Da yawa sun koma Linux Mint ko Ubuntu, sun ji daɗin saurinsu, sai kuma aka zo kan wata manhaja guda da mutum yake cin abinci da ita, wadda ba ta da sai ta Windows. Daga nan tambayoyi biyu suke biyo ni kusan kullum. Ta farko, yaya zan buɗe fayil ɗin exe a Linux? Ta biyu, na je ɗora Wine na tarar da iri uku, wanne zan ɗauka? Wine dai ita ce manhajar da ke sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux, ita ce amsar ta farkon.

Amsar ta biyun a taƙaice ita ce, manhajar da kake son amfani da ita ce za ta zaɓa maka, ba lambar da ta fi girma ba. Sauran bayanin ga shi daki-daki. Ka bi matakan a jere, domin yawancin matsalolin da ake kawo mini daga tsallake mataki na 1 da na 4 suke tasowa.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta mai Ubuntu 22.04 ko 24.04, ko Linux Mint 21 ko 22. Fayil ɗin saka manhajar na asali. Wurin ajiya da bai gaza giga 5 ba a faifai. Data kamar giga 2 don kada ta yanke maka a tsakiya, da cikakken caji ko wutar da ka amince da ita. Sai littafi da biro, za ka ga amfaninsu. Wine kanta kyauta ce, kuma ba ta buƙatar lasisin Windows. Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai, sai lasisin ita manhajar idan ta kuɗi ce, wannan yana nan a kanka.

Mataki na 1: Bincika kafin ka sauke komai

Ka shiga AppDB, wato shafin appdb.winehq.org, ka rubuta sunan manhajar. A can masu amfani suke rubuta sakamakon gwajinsu, kuma ana ba kowace manhaja daraja ɗaya cikin biyar. Platinum na nufin tana aiki ba tare da an taɓa komai ba. Gold tana aiki sosai amma sai an yi wata dabara. Silver tana aiki da 'yan matsalolin da ba su hana amfani. Bronze tana buɗewa amma da tangarɗa mai damun mutum. Garbage kuwa ka haƙura kawai.

Kada ka tsaya a darajar. Ka buɗe shafin ainihin fitowar manhajar da ke hannunka, domin ta 2010 da ta 2021 ba abu ɗaya ba ne ko da sunansu ɗaya. Ka kwafe abu uku a littafinka: lambar Wine da aka yi gwajin da ita, ranar gwajin, da ƙarin kayan da mai gwajin ya ce ya saka. Waɗannan ukun su ne taswirarka.

A bisa abin da aka saba gani, tsofaffin manhajoji sun fi sababbi biyayya. Office 2007 da 2010 suna tafiya daidai gwargwado, amma Microsoft 365 da sababbin manhajojin Adobe da sababbin CorelDRAW wahalarsu ta fi ribarsu. Idan aikinka buga takardu ne, ka fara gwada LibreOffice ko OnlyOffice. Idan zane ne, Inkscape yana buɗe fayilolin cdr da dama, ko da yake sai ka duba launi da rubutu kafin ka kai wurin bugawa.

Gargaɗi: Wine ba ta ɗaukar direbobin Windows. Duk manhajar da rayuwarta ta dogara da direban wata na'ura, kamar na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko makullin USB da wasu manhajoji masu tsada ke nema, ko akwatunan da masu gyaran waya ke yi wa waya filashin da su, to kada ka ɓata datarka. Ka wuce mataki na 9 kai tsaye. Firinta ba ta cikin wannan, domin duk firintar da Linux ya gane, Wine ma za ta gan ta.

Mataki na 2: Zaɓi tsakanin ukun

A nan zan daɗe, don nan ne ake yawan zamewa.

Na farko shi ne winehq-stable, wato tsayayye. Sau ɗaya yake fita a shekara, a watan Janairu. Wine 9.0 ya fito a Janairun 2024, 10.0 a Janairun 2025. Kafin ya fito, tun daga Disamba ake dakatar da ƙara sabon abu, a zauna ana toshe ɓaraka kawai. Bayan ya fito ba ya canzawa sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Na biyu shi ne winehq-devel, wanda ake kan ginawa. Kusan duk mako biyu sabo yake fita. Duk gyaran da aka yi wa wata manhaja nan yake fara sauka, haka nan duk sabuwar ɓarakar da gyaran ya haifar nan take fara bayyana. Abin da ke aiki yau zai iya tsayawa bayan mako biyu, a gyara shi bayan wasu biyun.

Na uku shi ne winehq-staging. Wannan devel ne da aka ɗora masa ƙarin faci waɗanda ba a riga an karɓe su cikin ainihin Wine ba. Wani lokaci facin da manhajarka ke jira yana can shi kaɗai.

Ka lura da yadda lambobin suke, don suna ruɗa mutane. 10.0 tsayayye ne, amma 10.1 da 10.5 da 10.12 duk devel ne, hanya ce ta zuwa 11.0. Ƙaramin gyaran tsayayye lamba uku yake zuwa da ita, irin 9.0.1. Mutum yakan ga 10.12 ya ɗauka ingantaccen 10.0 ne, ya ɗora a kwamfutar shago, bai san ya shiga layin gwaji ba.

To wanne za ka ɗauka? Ka fara da tsayayye, ko da wane ne ya ce maka ya tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan manhajar ta yi abin da kake so a kansa, magana ta ƙare, ba ka da abin nema a sauran biyun. Dalili ɗaya ne zai sa ka matsa zuwa devel: ka gwada tsayayye ya gaza, kuma ka ga a rubuce cewa an gyara wannan matsalar a wata lamba da ta zo bayansa. Staging kuma sai in an ambace shi da suna a shafin manhajar. Jin cewa sabo ya fi sauri ko ya fi kyau ba dalili ba ne.

Ban ce devel shara ba ne. Mutane da yawa suna zaune a kansa shekara da shekaru, musamman masu wasannin kwamfuta da masu sababbin manhajoji. Lokacin shekara ma yana da tasiri: a Fabrairu tazarar tsayayye da devel kaɗan ce, amma zuwa Nuwamba devel ya yi fitowa wajen ashirin a gaba, don haka yiwuwar a ce gyaranka yana can ta ƙaru. Tambayar da nake yi wa mutum ita ce, idan manhajar nan ta ƙi buɗewa gobe da safe, me za ka rasa? Wanda zai rasa wasan yamma ya hau devel abinsa. Wanda kwastoma zai tsaya a kansa yana jiran katin biki, ko ɗalibar da za ta miƙa kundin bincikenta ranar Litinin, su zauna a tsayayye.

Mataki na 3: Ɗora Wine daga rumbun WineHQ

Ubuntu da Mint suna da Wine a rumbunsu, amma takan kasance a baya, kuma ba ta ba ka zaɓin nan uku. Idan ka riga ka saka ta, ka cire ta tukuna don kada su yi karo. Idan Mint kake, ka buɗe Timeshift ka ɗauki hoton tsarin, wato ajiyar da za ka koma mata idan abu ya ɓaci, kafin ka fara. Sai ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka shigar da waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --add-architecture i386

sudo mkdir -pm755 /etc/apt/keyrings

wget -O - https://dl.winehq.org/wine-builds/winehq.key | sudo gpg --dearmor -o /etc/apt/keyrings/winehq-archive.key -

sudo wget -NP /etc/apt/sources.list.d/ https://dl.winehq.org/wine-builds/ubuntu/dists/noble/winehq-noble.sources

sudo apt update

sudo apt install --install-recommends winehq-stable

Gargaɗi: kalmar noble da ke layi na huɗu ta Ubuntu 24.04 ce da Mint 22. Idan Ubuntu 22.04 ko Mint 21 kake da shi, ka mayar da ita jammy a wurare biyun. Masu Mint sukan sa sunan Mint ɗinsu, irin wilma, sai a ce musu babu fayil ɗin. Wanda kuma ya sa noble a kan jammy zai sha saƙon cewa akwai kayan da ba a iya samu ba. Umarnin cat /etc/os-release zai nuna maka sunan Ubuntun da tsarinka ya hau kai.

Kafin saukewar ta fara, apt zai faɗa maka yawan megabait ɗin da zai ja, ya jira amincewarka. Ka duba datarka a nan. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa, kada ka firgita: sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install, sukan ɗinke abin da ya yage. Da an gama, wine --version zai nuna maka lambar. Rubuta ta a littafi. Sannan ka saka mataimakiyarta, winetricks, wadda ke ƙara kayan da manhajoji ke nema:

sudo apt install winetricks

Mataki na 4: Kowace manhaja da ɗakinta

Wine tana ƙirƙirar wata folda mai kama da ƙaramar Windows, da faifan C nata da rajistarta. Ni ɗaki nake kiranta. Idan ba ka ce komai ba, duk abin da ka saka ɗaki ɗaya zai shiga, wato .wine da ke ɓoye a foldar gidanka.

Na ga illar haka da idona. Akwai wani shagon buga takardu da na saka wa wata tsohuwar manhajar lissafin kuɗi, ta yi wata uku tana aiki lafiya. Rannan mai shagon ya ce in ƙara masa wata ta haɗa katin shaida. Ina sauri, sai na zuba ta a ɗaki ɗaya da ta farkon, na ƙara mata kayan da take nema. Sabuwar ta tashi. Da aka buɗe ta lissafin, sai farin allo, ba ko harafi ɗaya. Ranar Alhamis ce da yamma, ga mutum biyu a benci suna jiran rasit, mai shagon yana tsaye a bayana yana juya makullin babur a yatsa, bai ce mini komai ba. Sai bayan isha'i na gama sake gina ɗakin daga farko. Laifina ne, kuma tun ranar ban sake haɗa manhaja biyu a ɗaki ɗaya ba.

Ga yadda ake yi:

mkdir -p $HOME/dakuna

WINEPREFIX=$HOME/dakuna/lissafi winecfg

Wannan zai gina ɗaki mai suna lissafi. Idan ya nemi saka Wine Mono, wato madadin .NET, kayan da wasu manhajoji ke dogara da su, ka amince, sai fa in AppDB ta ce manhajar ainihin .NET na Microsoft take so. Tagar da za ta buɗe tana da wurin zaɓar irin Windows ɗin da Wine za ta yi shigarsa. Tun daga 9.0 sabon ɗaki Windows 10 yake zuwa da ita. Tsohuwar manhaja kuma wani lokaci sai an ce mata Windows 7 ce ko XP take sakin jiki.

Idan bayanin da ka kwafo ya ce a yi ɗaki mai bit 32, ka sa WINEARCH=win32 a farkon umarnin, a ranar gina ɗakin. Ba a mayar da ɗakin da aka riga aka gina. Ka sani kuma Wine tana ƙaura zuwa sabon tsarin da ke tafiyar da manhajojin bit 32 a cikin ɗakin bit 64, kuma Wine ɗin da aka gina a kan wannan tsarin zalla ba ya karɓar ɗakin win32. Wannan ma wani dalili ne da zai sa mai tsohuwar manhaja ya yi taka-tsantsan da sabuntawa.

Gargaɗi: kada ka taɓa sa sudo a gaban wine ko winecfg. Yin haka yana ba manhajar Windows iko da kwamfutar gaba ɗaya, kuma yana mayar da fayilolin ɗakin mallakar root, wato babban mai iko da tsarin, daga baya su ƙi buɗuwa gare ka. Sunan ɗaki kuma ka bar shi da haruffa marasa lanƙwasa, ba tazara, shi ya sa na rubuta dakuna.

Mataki na 5: Saka manhajar

Ka shiga foldar da fayil ɗin yake, sannan ka kira shi da sunan ɗakin:

cd $HOME/Downloads

WINEPREFIX=$HOME/dakuna/lissafi wine setup.exe

Idan fayil ɗin msi ne, sai ka ce wine msiexec /i sannan sunansa. Ka bar shi ya sauka inda ya zaɓa a faifan C. Bayan an gama, yawanci za ka ga manhajar a jerin manhajojin kwamfutarka, kuma wannan gajeriyar hanyar ta san ɗakinta.

Gargaɗi: danna fayil ɗin exe sau biyu yana kai shi ɗakin .wine ne, ba wanda ka gina ba. Mutum yakan yi haka ya ce duk gyaran da ya yi bai kama ba, alhali wani ɗakin yake gyarawa, wani yake shiga.

Gargaɗi na biyu, kuma ya fi na farko nauyi: Wine ba katanga ba ce. A cikin kowane ɗaki akwai faifan Z, wanda yake kallon fayilolin Linux ɗinka, kuma foldar takardunka a haɗe take da ta ɗakin. Ƙwayar cutar da aka rubuta don Windows tana iya tashi a Wine ta ci duk abin da kai kake iya taɓawa. Fasassun manhajojin da ake yawo da su a filashi daga shago zuwa shago su ne babbar ƙofarta. Wai Linux ba ya kamuwa, wannan magana ba ta kare wanda ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa.

Mataki na 6: Idan ta ƙi, ga dabaru bi da bi

Ƙa'idar ita ce canji ɗaya, gwaji ɗaya, rubutu ɗaya a littafi. Wanda ya zuba abu biyar lokaci guda, ko ta tashi bai san wanne ya tashe ta ba, ko ta mutu bai san wanne ya kashe ta ba.

Ka fara da buɗe manhajar daga taminal don ka ga abin da take cewa. Layukan da suka ƙunshi fixme za su yi ta zuba, kada su tsorata ka, masu gina Wine ne suke tuna wa kansu aikin da ya rage. Waɗanda suka ƙunshi err su ne abin dubawa, musamman wanda ya ce ba a sami wani fayil mai ƙarewa da dll ba. Sunan fayil ɗin yakan nuna abin da ya ɓace. Idan ya fara da msvcp ko vcruntime, kayan Visual C++ ne:

WINEPREFIX=$HOME/dakuna/lissafi winetricks vcrun2022

Haka sauran suke. dotnet48 na masu neman .NET ne, yana ɗaukar lokaci sosai, kada ka katse shi don ka ga kamar ya tsaya. corefonts yana kawo Arial da Times New Roman da 'yan'uwansu idan rubutu ya fito a murɗe. riched20 da gdiplus da msxml6 sukan warware matsalar akwatin rubutu da hoto a manhajojin ofis. Tsofaffin manhajojin da ke ajiye bayanansu a tsarin Access sukan nemi mdac28 da jet40. Idan winetricks ya ce fayil ɗin da ya sauko bai dace da wanda ya sani ba, alama ce shi kansa ya tsufa, sudo winetricks --self-update zai sabunta shi.

Idan taga tana ɓacewa ko tana cinye allo ta maƙale, ka buɗe winecfg, a shafin Graphics ka kunna tebur na kwaikwayo ka ba shi girma. A nan kuma ake ƙara girman rubutu idan ya yi ƙanana.

Akwai matsaloli biyu da suka fi shafar mu. Ta farko haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan sun fito kamar ƙananan akwatuna, ba Wine ce ta lalace ba, samfurin haruffan ne ba shi da su. Ka zaɓi DejaVu Sans ko Noto Sans ko Charis SIL, duk suna ɗauke da su, kuma duk samfurin da ka saka a Linux Wine tana ganinsa. Madannin Hausa ma yana cikin saitin Linux, ba sai ka nemo wani ba. Ta biyu manhajojin Larabci na da, irin tsohuwar fitowar Maktaba Shamila da ɗalibai da malamai suka saba da ita, inda rubutu ke komawa alamun tambaya. Ko a Windows sai an mayar da harshen tsarin Larabci take nunawa daidai. A nan sai ka yi sudo locale-gen ar_SA.UTF-8 sau ɗaya, sannan duk lokacin buɗewa ka sa LC_ALL=ar_SA.UTF-8 a farkon umarnin. Wannan manhajar kaɗai zai shafa, sauran kwamfutar tana nan yadda take.

Mataki na 7: Gwada devel ba tare da ka rushe tsayayye ba

Ka gama dabarun nan ba ta tashi ba, kuma ka ga an ce an gyara a wata lambar devel. Yawancin mutane a nan sai su saka winehq-devel, shi kuma ya kori winehq-stable, duk ɗakunan kwamfutar su koma kan sabon. Akwai hanyar da ta fi wannan. Ka saka shi ba tare da hq ɗin ba:

sudo apt install --install-recommends wine-devel

Zai zauna a /opt/wine-devel, gefe guda, umarnin wine na kullum kuma ya ci gaba da kiran tsayayye. Sai ka gina masa sabon ɗaki, ka kira shi da cikakken adireshinsa:

WINEPREFIX=$HOME/dakuna/gwaji /opt/wine-devel/bin/wine winecfg

Haka za ka yi wa staging idan shi ake nema, yana /opt/wine-staging. Idan za ka yi amfani da winetricks a wannan ɗakin, ka ƙara WINE=/opt/wine-devel/bin/wine a farkon layin. Gajeriyar hanyar da ke jerin manhajoji ma sai ka duba ta, fayil ɗinta yana cikin .local/share/applications/wine, ka tabbata cikakken adireshin devel ne a ciki.

Gargaɗi: duk ɗakin da sabuwar Wine ta buɗe, sai ta sabunta shi zuwa lambarta, kuma komawa baya ba shi da tabbas. Saboda haka kada devel ya leƙa ɗakin da kake aiki da shi. In ma dole ne, ka rufe manhajar ka kwafe shi tukuna:

cp -a $HOME/dakuna/lissafi $HOME/dakuna/lissafi-ajiya

Idan gwajin ya ɓaci, ka goge wanda ya ɓaci ka ba ajiyar sunan ɗakin na asali.

Mataki na 8: Ta yi aiki? Daskare ta

Wannan matakin shi ne bambancin wanda zai huta da wanda zai dawo wurina bayan wata guda. Idan devel ne ya tashi manhajarka, ka tuna bayan mako biyu wani zai fito, kuma mai sabunta manhajoji na kwamfutarka zai kawo shi tare da sauran, ka danna amincewa ba ka ma lura ba. Ka duba sunayen da ke kwamfutarka da dpkg -l | grep wine, sannan ka riƙe duk masu devel a sunansu:

sudo apt-mark hold wine-devel wine-devel-amd64 wine-devel-i386:i386

Daga nan ba za su motsa ba sai ka sake su da unhold. Sauran sabuntawar tsaro ta Linux kuwa ka bar ta tana shigowa, ba ita muke tsarewa ba.

Idan aikin gama ya riga ya gama, sabuwar lamba ta shigo ta karya maka manhaja, apt list -a wine-devel zai jero tsofaffin lambobin da ke rumbun. Sai ka sake sakawa, kana liƙa alamar = da cikakkiyar lambar a bayan kowane suna, dukkansu a layi ɗaya kuma lamba ɗaya, sannan ka dawo da ɗakin ajiya. A nan littafin nan yake biyan kuɗinsa, don shi zai gaya maka lambar da ta yi aiki.

Yaushe za ka saki? Idan Janairu ta zo sabon tsayayye ya fito, gyaran da ya kai ka devel yana cikinsa. Ka gwada shi a kwafin ɗakin, in ya yi, ka koma tsayayye ka cire devel. Tsayayyen ma idan zai tsallaka daga babbar lamba zuwa wata, ka kwafe ɗakunanka kafin ka amince. Kuma ka zaɓi ranar da ba aiki a gabanka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda taminal ke ba shi tsoro zai iya saka Bottles daga Flathub, wani rumbun manhajojin Linux. Ɗakunan nan ne dai, amma da maɓallai, kuma kowane ɗaki kana zaɓa masa irin Wine ɗinsa. Masu wasanni a Steam kuma Proton suke da shi, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2018 a kan Wine. Shi ma yana da masu lamba da kuma Proton Experimental, kuma ana zaɓa wa kowane wasa nasa. Hukuncin ɗaya ne: mai lamba tukuna, Experimental sai in shafin ProtonDB ya nuna ana bukatarsa. Wasu wasannin da ke da mai gadin hana maguɗi a can cikin tsarin Windows, irin Valorant, ba sa tashi ko da wanne.

Mataki na 9: Idan duk an yi ba ta yi ba

Saura hanya uku. Akwai CrossOver na kamfanin CodeWeavers, Wine ce ta kuɗi da aka yi wa gyare-gyare don manhajojin ofis, kuma suna ba da gwajin kwana 14 kyauta. Ka gwada manhajarka a cikin kwanakin kafin ka biya ko sisi.

Akwai saka Windows ɗin kanta a cikin VirtualBox, kwamfuta cikin kwamfuta. Wannan ita ce hanyar masu na'urorin USB da na ambata a mataki na 1, domin ana iya miƙa na'urar ga Windows ɗin ciki ta saka direbanta. Sai ka sa sunanka a rukunin vboxusers da sudo usermod -aG vboxusers $USER, ka fita ka sake shiga, in ba haka ba ba za ta ga na'urar ba. Tana son lasisin Windows, kuma a kwamfuta mai RAM giga 4 za ka sha jira, giga 8 ne farkon jin daɗi. Idan tsohuwar Windows ce a ciki, ka cire mata intanet daga saitin VirtualBox, ta yi aikinta a rufe. Masu yi wa waya filashin kuwa, shawarata su raba faifai biyu su bar Windows ta gaske a gefe, domin wayar takan yanke ta sake haɗuwa a tsakiyar aiki, kuma in kwamfutar ciki ba ta cafke ta da wuri ba, wayar mutane ce za ta mutu a hannunka.

Ta ukun ita ce ka kai rahoto a bugs.winehq.org. A nan devel yake da amfani ko ga wanda ba zai zauna a kansa ba, don masu gyara suna so a gwada a sabuwar lamba, a sabon ɗaki wanda winetricks bai taɓa ba. Ka rubuta sunan manhajar da fitowarta, lambar Wine, abin da ka danna da abin da ya faru, ka haɗa da rubutun taminal a matsayin fayil. Idan a da tana aiki sai daga baya ta daina, ka faɗi lambar ƙarshe da ta yi aiki da ta farko da ta ƙi, domin da waɗannan biyun suke gano canjin da ya jawo matsalar.